Gudun Zuciyar Gwaggo

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman daji? Mu nan lafiya lau. Babana yana gaishe ka, ƙafar tasa dai tana nan yadda ka santa.

Ban sani ba ko za ka gane mai rubutun. Ni ce 'yar ɗan baffanka, ta uku a ɗakinmu, wadda ta karanci aikin jinya. Rabona da kai tun ina firamare. Na so in kira ka a waya, Babana ya ce kada in wahalar da kaina, ƙarar inji ta cinye maka kunne, kuma ko kana ji, sabis ba ya kaiwa tashar ruwan da kuke. Shi ya haɗa ni da direban da yake kai muku kaya duk mako, ya ce takarda ba ta ɓata a hannunsa.

Maganar Gwaggo ce, yayarka. Tari ne ya fara mata, ta yi ta shan maganin kemis tana ɗinkinta, har ranar da maƙwabciyarta ta leƙa ta same ta a kife a kan keken ɗinki. Ciwon huhu ne, kuma ya riga ya shiga jini. Yanzu tana asibitinmu, a ɗakin da nake aiki, na marasa lafiyar da ba a ɗauke ido daga kansu. Kowane gado da allonsa a sama, yana nuna bugun zuciya da awon jini da numfashi.

Huhun ana ba shi magani. Abin da ya fi damun likitoci shi ne zuciyarta. Ta mai lafiya takan buga sittin zuwa ɗari a minti ɗaya. Ta Gwaggo ranar da aka kawo ta ɗari da saba'in take yi, kuma ba a jere ba, ta yi uku da sauri, ta yi tuntuɓe, ta sake kwasa. In zuciya tana irin wannan gudun ba ta samun sararin cika da jini kafin ta tura, sai ta yi ta bugun banza, jini bai kai inda ake jiransa ba.

Likitarmu ba ta yarda a fara da maganin rage gudu. Sai an fara duba abin da ya koro zuciyar: zazzaɓi ne, ko ƙarancin ruwa, ko iska ce ba ta isa, ko gishirin jini ne ya ragu. A wajen Gwaggo duka aka samu. Mun sa mata ƙarin ruwa, mun mayar da gishirin, mun sa mata oksijin. Ta sauko ɗari da arba'in ta tsaya a nan.

Tana cikin hankalinta. Da na gaya mata ko ni 'yar wace ce, sai ta kama bakin rigar aikina ta juya ɗinkin, ta duba, ta ce wanda ya ɗinka min bai ji tsoron Allah ba. Sannan ta ce kada in rubuto maka, kana da aiki. Na ce to, ga shi kuma ina rubutawa, don ba ta da wanda ya fi ka kusa.

Jikin dai da sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

'Yarka, nas.


Zuwa ga 'yata nas,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ki gaishe da babanki, ki ce masa ƙafar da ba a hutar da ita daga yawon majalisa ba za ta warke ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kunnen da ya ba ki labari. Bai yi ƙarya ba, yanzu ko manaja in zai yi min faɗa sai ya rubuta, kafin ya gama rubutun fushin ya huce.

Na gane ki sarai. Ke ce kika haɗiye maɓalli a shagon Yaya, aka kwana biyu ana gadin fo ɗinki. Ashe da rabon ki rama mata gadin. Allah ya yi miki albarka.

Na karanta takardar a tsaye, na zauna na sake karantawa. Duk abin da kika faɗa na fahimta, har na zo kan layin ƙarshe. 'Yata, ina roƙonki abu ɗaya. Kada ki sake rubuto min "da sauƙi" sai in da gaske sauƙin ne. Danginmu ba su da wata kalma sai ita. Lokacin ciwon mahaifiyarmu ina makarantar koyon sana'a, duk wanda ya zo da sauƙi yake ce min, da sauƙi, da sauƙi, har aka kai ta makwancinta ban sani ba. Ni makaniki ne, ba na aiki da an ce. Ki ba ni lambar da take kan allon nan, ita zan karanta.

Ga dalilina. A nan mu biyu ne kawai masu kula da injinan, ni da abokin aikina, kuma ba a barin tashar babu ɗayanmu. Hutu sau ɗaya ake ba mutum a shekara, in ka ci shi ka ci. Wanda ya tafi ba izini kuwa kada ma ya dawo. To Yaya ba miji, ba ɗa. Ranar da kuka sallame ta, wa zai ɗaga ta, wa zai kai ta banɗaki, wa zai hana ta hawa keken nan? Na san halinta, ba za ta yarda maƙwabta su ga gazawarta ba. Shi ya sa nake so in ajiye hutun sai ta koma gida. Amma in abin ba na komawa gida ba ne, ina so in same ta tana magana. Ke ce idona a can, ki duba min wanne ne.

Abin da kika ce game da bugun banza na san shi. Famfo in ya sha iska haka yake yi, ya yi ta ihu yana zafi, ruwa ko ɗigo. Ban taɓa tunanin Yaya za ta yi gaggawar wani abu ba. Matar da take sa amarya ta jira rigarta har ranar ɗaurin aure.

Kada ki gaya mata na damu.

Baffanki.


Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Saƙonka ya isa wajen Babana, ya ce majalisar ce take riƙe da shi, ba ƙafar ba. Maganar maɓalli kuwa, ashe har yanzu ba a manta ba. Gwaggo ma ta ba abokan aikina labarin, yanzu duk ɗakin sun sani.

Na ji sharaɗinka, na kuma karɓa. Ga lamba: da safen nan ɗari da ashirin. Amma kafin a kai nan an sha hanya.

Matsalarmu da Gwaggo biyu ce, kuma kowacce tana cin 'yar'uwarta. Ciwon ya sa jininta yana faɗuwa, don haka akwai maganin da yake shiga jijiyarta ba tsayawa don ya riƙe shi. Wannan maganin yana ƙara wa zuciya gudu. Maganin rage gudun kuma yana kayar da jini. In na ƙara wannan, wancan ya lalace. Yinina ke nan, ina tsaye tsakanin famfunan allura biyu, in taɓa wannan kaɗan, in kalli allo, in taɓa wancan.

Ranar Laraba da hantsi abin ya ƙwace. Lambar ta haura ɗari da tamanin, jini ya faɗi, gumi mai sanyi ya rufe ta, ta fara kirana da sunan wata da ban sani ba. In aka kai nan ba a jiran magani. Likita ta ce a kawo injin shokin.

Bari in gaya maka yadda ake yi, don kada wani ya ba ka labarin ya tsorata ka. Ana yi wa mutum allurar barci mai sauƙi. A manna masa faifai biyu masu waya, ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya ta dama, ɗaya a haƙarƙarin hagu. Injin ba ya sakin wuta da ka, sai ya bi bugun zuciyar ya zaɓi daidai inda zai shiga, don in ya shiga a inda bai dace ba zai ƙara ɓata ta. Likita ta ce kowa ya saki gado. Muka ɗaga hannuwa. Ta danna.

Jikinta ya zabura sau ɗaya. Layin da ke kan allo ya miƙe, babu komai a kansa na ɗan lokaci. Sannan bugu ɗaya ya fito, wani ya biyo shi, a jere. Tamanin da takwas.

Da ta farka ta dafa ƙirjinta ta ce, "Wane mara kunyar ne ya naushe ni ina barci?"

Likita ta ce ita ce. Gwaggo ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce da ganinta ba za a ce tana da ƙarfi haka ba.

Bai daɗe ba, Baffa. Washegari da yamma gudun ya dawo. Haka yake yi in ciwon da ya jawo shi bai tafi ba. Aka sake yi mata, ya riƙe na yini guda, ya sake dawowa. Yanzu an sa mata wani magani mai tafiya a hankali ta babbar jijiyar wuya, shi ya kawo ta ɗari da ashirin ɗin. Fatar ƙirjinta ta yi ja a inda faifan suka zauna, ina shafa mata mai.

Na sha yin wannan aikin a kan mutanen da ban sani ba. Na zaci a kan Gwaggo abin zai yi min wuya. Bai yi ba. Na naɗe wayoyin, na rubuta abin da ya kamata in rubuta, na fita na ci abincina har na cinye. Sai a mota ina komawa gida na lura ban cire safar hannu ɗaya ba.

Maganar hutu, na tambayi likita. Ta ce huhun ya fara amsa magani, ƙodar ce take ja da baya, a ba ta mako guda za a san inda aka dosa. Ni dai ba zan iya ce maka ga abin da za ka yi ba.

'Yarka, nas.


Zuwa ga 'yata nas,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina fatan ke ma haka, da mutanen gida. Ki riƙa cin abincin nan, kada ki ji kunyarsa. Mai tsayuwa yini guda dole ya ci.

Na gane aikin shokin ɗin. A kashe a kunna ke nan. Mu ma in allon inji ya rikice haka muke yi, sai dai mu ba ya tashi ya zage mu. Na karanta wa mai waldarmu wajen naushin, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi ba. Na tsaya ne a inda kika ce layin ya miƙe, na kasa wucewa.

Abokin aikina matarsa ta kusa haihuwa, cikin fari, kuma an ce mata sai an yi aiki. Ya zo yana sosa ƙeya, yana so ya riga ni tafiya. Na ce ya dakata sai takardarki ta gaba ta zo. Manaja ya yarda ya riƙe mana maganar. Tun ranar yaron ba ya haɗa ido da ni wajen cin abinci.

Ni dai ga lissafina. In ta sauko ƙasa da ɗari ta zauna a nan ba tare da an naushe ta ba, na san mun tsallake.

Ki karanta mata wannan, da ƙarfi, don ita ma kunnen nata na zaɓe ne. Yaya, ƙaninki ne. Rigar aikin da kika ɗinka min aljihunta ya yage, sukuddireba ta huda shi. Na ba wani a nan ya gyara, ya ɗinke shi gaba ɗaya har bakin, yanzu ba aljihu sai ado. Na ajiye miki ita. Ke kika ɗinka min wandon makaranta da ragowar yadin mutane, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya duhu, kika ce in wani ya yi magana in ce yayi ne. Ban taɓa ce miki na gode ba, don na san abin da za ki ce. Ki bi maganar likita. Ki daina duba ɗinkin mutane.

Direba ya ce motarsa tana ba shi wahala, mai yiwuwa mako mai zuwa ba zai shigo ba. In ya samu shigowa, ko layi biyu ne ki ba shi.

Baffanki.


Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, direba yana bakin get ya ce ba zai kashe mota ba. Sai yau ya zo, mako biyu ke nan ban gan shi ba.

Na karanta mata takardarka. Ta sa na maimaita wajen aljihun. Ta ce ka ajiye rigar, kada ka sake ba wani. Ta ce in gaya maka da sauƙi. Na ce ka hana ni, ta riƙe min hannu sai da na yi alkawari. Ga shi na rubuta.

Gudun ya daina. Tun shekaranjiya ba ta haura sittin ba, yanzu da na fito hamsin da takwas. An cire maganin rage gudun, likita ta ce ba ta bukatarsa kuma. An ɗauke injin shokin daga gefen gadonta. Ba ta cika magana ba, barci take yi da yawa. Likita ta ce a bar 'yan'uwa su riƙa shiga wajenta ko ba lokacin ziyara ba ne. Babana ya zo jiya, ya daɗe.

Baffa, in da hali, a duba maganar hutun nan.

'Yarka.


Zuwa ga 'yata nas,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ina lafiya, yau ma na fi kullum.

Mako biyun nan ban san yadda na yi su ba. Kullum in hau kan tankin ruwa in duba hanya, har mai walda ya fara ce min mai gadi. Da direba ya miƙo min takardar, siririya haka, ban buɗe ta a gabansa ba. Na shiga bayan ɗakin inji na buɗe.

Hamsin da takwas! Ni da na roƙi ƙasa da ɗari. An cire magani, an ɗauke injin naushi, an buɗe wa 'yan'uwa ƙofa, ga ta tana barcinta. Kuma kin rubuta kalmar da na hana ki, na san ba za ki rubuta ta a banza ba. Allah ya saka wa likitar nan da alheri, ki ce mata ƙanin wadda ta nausa yana godiya.

Maganar hutu na duba, kamar yadda kika ce. Na je wajen manaja a take. An rubuta min ƙarshen wata, lokacin na san kun sallame ta ko kuna shirin yi. Abokin aikina kuma na ce ya tattara kayansa, ga shi nan zai biyo wannan motar. Yaron har da hawaye. Na ce ya bari, in an samu mace dai ya san sunan da zai sa.

Za ki ga wani ƙarfe a bayan motar, naki ne ki karɓa. Ni da mai walda muka haɗa shi da ragowar bututu a kwanakin jiran nan, don hannuna ya samu abin yi. Abin dogarawa ne mai ƙafa huɗu, na wanda ya daɗe a kwance. Na auna shi da tsayin Yaya yadda na tuna, ta kawo min nan wajen kafaɗa. Na naɗe mariƙin da roba don kada ya yi mata sanyi. Na san za ta ce waldar ta karkace. Ki ce mata ta fara takawa tukuna.

Ki tambayar min likita abin da za ta riƙa ci da wanda ba za ta ci ba, ki rubuto min, in zo da shirina.

Baffanki.


Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Mu nan muna nan.

Na kira ofishinku na cikin gari, sun ce za su isar maka ta rediyon tashar. Ban sani ba ko sun yi. Don haka zan rubuta a fili. Gwaggo ta rasu ranar Asabar da la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babana da maƙwabtanta sun yi mata duk abin da ya kamata. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri.

Takardarka da ƙarfen sun iso bayan kwana biyu. Direba ya sauke shi a bakin get, na ɗauko shi na shigo da shi, ban san inda zan kai shi ba. Yana ɗakin da muke canza kaya. Waldar ba ta karkace ba.

Na karanta yadda ka jero maganganuna ɗaya bayan ɗaya, na ga duka ni na rubuta su, babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Wallahi Baffa, ni a zatona na ce maka ka taho.

Hamsin da takwas ɗin ba aikinmu ba ne. A makon da direba bai zo ba, ƙodarta ta tsaya, gudun kuma ya canza, ya koma wani iri mai fitowa daga ƙasan zuciya, wanda ya fi na farko haɗari. An yi mata shokin sau uku a yini ɗaya, na ƙarshen ko allurar barcin ba a samu sararin yi ba. Da ta dawo hayyacinta ta kira likita, ta tambaye ta ko wannan abin zai warkar da ita. Likita ta gaya mata gaskiya. Gwaggo ta ce to ya isa, a ɗauke shi. Bayan nan zuciyar ta daina gudu don kanta, saboda ba ta da sauran ƙarfin yin sa. Shi ya sa aka cire maganin, babu abin da zai rage.

A ɗakinmu, in aka ce an ɗauke inji an buɗe wa 'yan'uwa ƙofa, ko mai shara ta san abin da ake nufi. Na saba da mutanen da suka san wannan, na manta kai ba a nan kake aiki ba. Kuma ban taɓa ce wa babba "zo" ba, bakina bai iya ba, ashe hannuna ma bai iya ba. Na rubuta "in da hali".

Akwai abin da ya kamata ka sani. Ranar Juma'a da safe ina goge mata fuska ta buɗe ido ta ce, "Ya taso?"

Na ce, "Yana hanya, Gwaggo." Haka na yi imani a lokacin.

Ta ce in juya mata gadon. Gadajenmu duka bango suke kallo ta ƙafa, ƙofa tana bayan kai, don mu samu wajen aiki. Ta ce ita ƙofa take so ta gani. Na faɗa wa likita, na zaci za ta hana. Ita ta kama ɗaya gefen. Sai da muka sassauta wayoyi, muka ja ƙarfen ƙarin ruwa, bututun oksijin ya kai da ƙyar. Daga nan duk wanda ya turo ƙofar sai ta buɗe ido, ta gan shi, ta mayar ta rufe. Ba ta sake tambaya ba.

Ranar Asabar lambar ta yi ta sauka a hankali, hamsin, arba'in da wani abu. Na kashe ƙarar allon don kada ta dame ta. Ba ta sha wahala ba, wannan na gani da idona, ba faɗar dangi ba ce. Babana yana riƙe da hannunta ɗaya, ni ɗaya.

Ban yi kuka ba har yanzu. Abokan aikina suna ta kallona suna jira. Washegari na dawo aiki, an riga an kwantar da wani a gadon, wani malamin makaranta da mota ta buge. Gadon yana nan yadda muka juya shi, ba wanda ya tuna ya mayar, ni kuma na bar shi haka.

Mabuɗin shagonta yana wajen Babana. Akwai ɗinkunan mutane a ciki, wasu an gama, wasu an yanka kawai. Ya ce sai abin da ka ce.

'Yarka, nas.


Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki gaishe da babanki, ki yi masa godiya, shi da maƙwabtan. Allah ya ba da lada.

Saƙon rediyo ya iso kafin takardarki. Ina ƙarƙashin inji na biyu ina canza bel, manaja ya zo ya tsaya a kaina yana magana. Na ga bakinsa yana motsi. Da ya ga ban ji ba, ya ciro biro ya rubuta a bayan kwalin bel ɗin ya miƙo min. Na karanta. Na ƙarasa ɗaure notin da ke hannuna, don ba a barinsa rabi. Babu mota, babu wanda zan bar wa tashar. Na wanke hannu na yi sallah, na koma kan na uku.

Kada ki ɗora wa kanki komai. Lamba na nema, lamba kika ba ni. Na shekara talatin ina kallon allurar ma'aunin inji tana sauka, na san inji yakan yi shiru don an gyara shi, yakan kuma yi shiru don mai ya ƙare. Na san wannan sarai. Ban so in sani ba ne a ranar.

Abokin aikina ya aiko, an yi aikin lafiya, mace aka samu.

Ɗinkunan mutane a kira su kowa ya ɗauki nasa. Waɗanda aka yanka a ba su haƙuri. Ƙarfen kuma ki ba duk wanda ya tashi daga ɗakin nan naku da ƙafafunsa, in tsayin ya yi masa.

Hutun yana nan ƙarshen wata, manaja ya ce ba a soke abin da aka riga aka rubuta. Zan zo. Ba sai an tare ni a tasha ba. Abu ɗaya nake so ki nema min wajen likitar, in ba zai jawo miki magana ba. A lokacin ziyara, ranar da kike aiki, a bar ni in turo ƙofar nan in shigo. Ba zan taɓa komai ba, ba zan yi wa kowa magana ba. Kada ku juya gadon kafin nan.

Ki gaya wa malamin da ke kwance kada ya tsorata in ya ga baƙon tsoho ya shigo ya tsaya. Ba zan daɗe ba.

Baffanki.